Cigiyar Kaka

Warin dafaffen ƙaro ne ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Jikata ta riga ta yi gaba tana zuba Larabcinta mai gudu, sai da ta waiwayo ta ga na kafe wuri ɗaya. Wani makeken ɗaki ne a Jidda, fari fat, sanyin na'ura har cikin ƙashi, an jera manyan alluna a bango mutane suna zagayawa suna kallo. Ita ta matsa min sai na zo, ta ɗauko ni a mota tun daga Makka, wai in fita in sha iska, wai wata mata ce daga ƙasar Girka ta kawo aikin hannunta. Ni kuwa me ya haɗa ni da Girka? Ko inda take ban sani ba sai da aka ce min can gaba da Masar ne, a hayin teku. Na biyo ta ne kawai don kada ta kumbura min fuska, da niyyar in sami kujera in zauna har ta gama kallonta.

Na zaci zanen fenti zan gani. Ashe matar nan tarkace take tarawa. Jikata ta karanta min abin da aka rubuta a bango: a wani ƙaramin tsibiri aka haife ta, 'yar masunta ce, ta yi karatun zane a birni, ta yi shekaru tana aiki da fenti da buroshi kamar kowa. Da ta koma gida sai ta tarar teku ya fara turo musu kayan mutanen da suka shiga jirgi ba su kai gaɓa ba. Daga nan ta ajiye buroshi. Kullum da safe sai ta bi bakin ruwa da buhu, ta tsinto abin da ta tsinto, ta wanke, ta ɗinka wani ta manna wani a jikin tsohon tamfol, ta bi shi da yashi da gishiri. Na matsa kusa da na farko. Ga takalmin yaro wari ɗaya, ga mataji, ga makullin da tsatsa ta ci, ga guntun ragar kamun kifi. Mutane suna gyaɗa kai suna cewa sabon abu ne. Ni kuwa a gindin irin wannan na girma, a unguwar Mansur ta Makka, kuma namu a bakin hanya ake rataye shi.

Bari in fara muku daga inda aka fara min, tunda ni ban da wayo a lokacin. Mutanenmu da ƙafa suka zo. Daga wani garin marina a ƙasar Kano suka taso, Kaka da 'yarta da mijin 'yarta, suka bi ta Chadi da Sudan, suna tafiya suna yada zango suna neman guzuri. A gonakin auduga na Sudan aka haife ni. Ina goye aka ƙetare ruwa da ni, aka shigo Makka ana gab da hawan Arfa. Kafin su baro gida Kaka ta sa an saƙa mata dogon zane, aka rina shi da shuni har ya yi baƙi-baƙi, da siririn ratsin fari a gefe, ta raba shi biyu, rabi nata rabi na 'yar tata, wato Inna mahaifiyata. Da asubar tashi daga Muzdalifa Inna tana ɗaure da nata, ni kuma ina bayan Kaka, an goya ni da ɗaya rabin. Inna ta ce bari ta ƙaro tsakuwar jifa, ga ta nan kusa. Sai jama'a ta motsa. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya san yadda take motsawa, ba a ce maka tashi, sai dai ka ga ƙafarka tana tafiya. Shi ke nan. Ba a ga gawa ba, ba a ga mai rai ba.

An ce Baba ya kira sunanta har muryarsa ta dushe, 'yan ayarinsu ma kowa ya kira. Kaka ce kaɗai ba ta kira ba. Inna 'yar fari ce, a garinsu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko a ɗaki ko a kasuwa. Tun ranar suna bakinta bai taɓa furta shi ba, "yarinyar nan" take cewa. To a tsakiyar wannan taro wa zai amsa "yarinyar nan"? Yaran yanzu in na ba su labarin sai su ce ai wannan wauta ce, rai ne fa. Ina jin su, ba na musu da su, don ba su ga irin mutanen ba. Wata mata da suka taho tare ta ce min ta ga bakin Kaka yana motsi a ranar, amma ba abin da ya fito.

Baba ya bi asibiti, ya bi 'yan sanda, ya bi gidajen muɗawwifai masu saukar da alhazai, har Madina ya kai. Da ayari ya juya gida, Kaka ta ce ita ba inda za ta. Haka muka zama 'yan Mansur. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Inna ba ta san gidan da muke ciki ba, bayan ɓatanta aka kama shi. Ko da tana raye, ko da ta bi ta ƙofarmu sau goma, ba abin da zai ce mata nan ne uwarki da 'yarki suke.

Mansur ta wancan zamani ba ta san dogon gini ba. Sandaka ce a jikin dutse, wato ɗakunan langalanga da katakon akwati, wani a kan wani, da lungunan da in jakin mai ruwa ya shigo sai ka manne da bango. Da hantsi rufi ya ɗau zafi har ka ji yana ƙara. Da la'asar hayaƙin tsire ya tashi, wanda Larabawa ke ce wa siriya suna rububinsa, ya gauraya da ƙamshin gahawa. Kana jin Kananci a wannan ƙofa, Sakkwatanci a waccan, mutanen Damagaram a can sama, kowa ya yayyafa wa nasa Larabci. Baba yana gashin tsire a bakin titi, in mausim ya zo, wato lokacin alhazai, ya bar wuta ya koma ɗaukar gajiyayyu a gadon katako ana yi musu ɗawafi. Kaka tana suyar ƙosai da safe. Da shi muke ci, amma ba shi ne aikinta ba.

Aikinta yana farawa ne in alhazai sun watse daga Mina. Garin tanti ne da ke cika ya batse a 'yan kwanaki, sannan ya koma kufai, ba kowa sai ƙudaje da shirwa da warin yanka. Mutanen unguwarmu kan tafi kala. Maza su kwaso katako da igiya da garwa, mata su kwaso tabarma da tukwanen da aka bari. Kaka kuwa abin da ba mai so take bi. Takalmi wari ɗaya. 'Ya'yan carbin da ya tsinke. Marfin buta, cokali, mataji mai karyayyen haƙori, gilashin ido mai ido ɗaya, ƙarafan lema, ɗan kunnen da ya rabu da ɗan'uwansa. Tana tafe a sunkuye ina bin ta da buhu, rana na dukanmu, ƙafata na toyewa. Daga Mina mu taka zuwa Muzdalifa. Can ba ta magana ko kaɗan. Ta tsuguna ta ɗebi yashi a ƙulle a bakin mayafi, ta daɗe tana duban filin da ba kowa a cikinsa, sannan ta ce mu tafi. Wani mai ba da hayar tanti ya saba da ita, duk shekara yana ajiye mata yagaggen ɓangare ɗaya.

A gida sai ta wanke komai ɗaya bayan ɗaya ta shanya. Ta ɗora ƙaro a wuta, ta zuba masa ɗan gari, tana juyawa har ya yi yauƙi. A Sudan ta koyi wannan, inda ta yi kakar ɗibarsa a jeji. Warinsa mai ɗan tsami-tsami ne, yana kama tufa, yana kama gashi, in ya shiga ɗaki sai ya yi wata bai fita ba. Sai ta shimfiɗa tantin a tsakar gida ta zauna tana kallonsa, wani lokaci yini guda ba ta ɗora komai ba. Sama Arfa ce, tsakiya Muzdalifa, ƙasa Mina, kowane wuri da yashinsa da kayan da aka tsinta a cikinsa, don mai abu ya san inda zai duba. Mai nauyi ta ɗinke shi da basilla, mara nauyi ta manna. 'Ya'yan carbi ta jera su suna gangarowa daga sama zuwa ƙasa, a cunkushe, yadda jama'a ke gangarowa. Ba ta taɓa yin fuskar mutum ko siffar dabba ba. Amma in ka ja baya ka duba, wallahi sai ka ji hayaniyar wurin.

Na sha ganinta ta ɗaga cokali ɗaya ta ajiye, ta sake ɗagawa ta matsar da shi, har a kira azahar, ni kuwa yunwa na cina.

"Kaka, cokali ai cokali ne, ki manna shi mu ci abinci."

"Ke dai ba ki da ido, sai ciki."

A ƙarshen komai sai ta ɗauko zanen nan daga ƙasan akwati. Ta yanki tafin hannu ɗaya daga ciki, ta ɓangaren da ratsin fari yake, ta ɗinka shi a tsakiyar Muzdalifa, ta bar fili kewaye da shi, ba carbi ba cokali. Duk sauran kayan aikinsu su tsayar da mai wucewa ne, shi kuwa shuɗin aikinsa ya kira mutum ɗaya. Sai a rataye tantin a bangon langalanga, ta waje, yana kallon hanya. Matsalar ita ce ranar Makka ba ta barin launi. Kafin shekara ta zagayo shuɗin ya koɗe ya koma kalar toka, har ratsin ba ya ganuwa. Dole in an yi sabon tanti a yanki sabon ƙyalle. Ina ƙarama na gane cewa zanen nan raguwa yake yi, kuma na gane cewa Kaka ma ta sani.

Malamin masallacin lungunmu ya taɓa zuwa kan maganar. Dattijo ne mai sanyin hali, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi sallama.

"Hajiya, kin san tsintuwar Makka ba kamar ta ko'ina ba ce. Ba a ɗauka sai wanda zai yi cigiya."

"Allah ya gafarta Malam, ai cigiyar nake yi. Ga shi a bakin hanya, mai abu ya zo ya ɗauki abinsa."

"Cigiya da baki ake yi, Hajiya."

"Wanda bakinsa ya iya ba."

Ya san labarinmu, kowa ya sani. Ya ce to kada a sayar da komai, kuma wanda ya gane nasa a ba shi. Tun daga ranar manya suke ce wa tantin cigiyar Hajiya. Yara dai ba su canza ba, majanuna suke ce mata, wato mahaukaciya, ni kuma jikar mai tsumma.

Nawa aikin shi ne zama. In mausim ya kama, unguwa ta cika da baƙi masu neman tuwo da masu neman 'yan garinsu, sai a kife min garwa a gindin tantin.

"Duk macen da ta tsaya ta kai hannu kan shuɗin nan, ki riƙe ta gam ki kira ni. Kar ki sake ta ko dukanki za ta yi."

Na ce to yaya kamanninta suke? Ba mu da hoto, ni kuma ina goye muka rabu. Kaka ta ce, "Doguwa ce. Tana da wushirya." Iyakar abin da aka ba ni ke nan na uwa.

Ku da kuka yi wasan ƙuruciya, ku gode wa Allah. Sa'o'ina suna can suna tallar ruwan sanyi, suna bin alhazai suna koyon gaisuwa da harsuna bakwai, suna tsalle a kan igiya, ni ina kan garwa. Tun ana kirana wasa har aka daina. Na zama yarinya mai kallon bakin mutane, in mace ta yi magana ba na jin abin da ta ce, haƙoranta nake leƙe. Da yawa kuma fuskarsu a rufe take. Sai na riƙa haɗa Inna da kaina, in ɗauki tafiyar wannan, hannun waccan, muryar wata da ta ce min sannu. Da yamma in na shiga ɗaki sai ta wargaje, gobe in sake haɗa wata. Kewa ce irin wadda ban san sunanta ba a lokacin, na zaci haka kowa yake ji. Bayan mausim kuwa gari ya yi tsit, iska mai zafi tana kaɗa tantin, 'ya'yan carbi suna bugun langalanga a hankali, mu biyu a gida kowa da abin da yake saurare.

Kada ku ce ba a taɓa dacewa ba. Wata shekara wani tsoho mutumin Jawa, can ƙasashen gabas mai nisa, daga cikin waɗanda ke zama bayan hajji, ya zo wucewa ya tsaya. Ya daɗe, sannan ya nuna wani ɗan marfin tagulla a ɓangaren Mina, ya zaro ƙaramar battar da ba ta da marfi daga ɗamararsa. Ba ya jin Hausa, Larabcinsa bai fi na gaisuwa ba, amma ya nuna ƙasa ya rufe idonsa da hannu, muka gane na matarsa ne kuma ta rasu. Kaka ta yanke zaren da aska ta miƙa masa. Marfin ya zauna daram. Ya riƙe abin da hannu biyu yana kuka ba sauti, ya tafi. Kaka ba ta cike gurbin ba, haka ta bar shi. Ranar har waƙa na ji tana yi a gindin murhu, ta ce min, "Kin gani ko? Ana gani."

Baba shi ne ya fara gajiya, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba. Ya zo ya tsuguna daga bakin ƙofa yadda suruki ke yi, kansa a ƙasa, ya ce an yi masa hanyar aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda.

"Iya, ku yi haƙuri, a bar abin nan haka. Shekaru sun ja. Mu tafi tare."

"Ka je, Allah ya ba da sa'a, ban riƙe ka ba. Amma yarinya ka bar min ita. Wa zai zauna a bakin cigiya?"

Ya tafi, ya yi aure a can, yana leƙo mu lokaci-lokaci da busasshen kifi da yadin salla. In ya zo ba ya duban bangon, ta gefe yake shigowa.

A shekarun nan hajji yana fitowa ne daga tsakiyar zafi yana gangarowa wajen sanyi. Shekarar da nake so in ba ku labari an ɗan sami sauƙin rana, na kai kamar shekara goma. Da hantsi ne, Kaka tana ciki tana buga ƙullun ƙosai. Wasu sababbin alhazai daga gida suka shigo lungu, daga jin Hausarsu ka san ko wata ba su yi ba. Suka wuce, ɗaya ta rage a baya. Doguwa. Ta tsaya gaban tantin, ba ta dubi cokali ba, ba ta dubi carbi ba, hannunta ya tafi kai tsaye kan shuɗin. Ta murza shi da yatsu, ta matso da hanci ta shaƙa. Sai ta yi murmushi, na ga wushirya.

Ban san lokacin da na bar kan garwa ba. Na rungume ƙugunta na sarƙe yatsuna ta baya, na buɗe murya iya ƙarfina.

"Kaka! Ta zo! Wallahi ta zo!"

"Ke lafiya? 'Yar wa ce wannan? Sake ni mana!"

Na ƙara matse ta. Ƙofofi suka buɗe, mata suka fito, mai ruwa ya tsayar da jakinsa. Sai ga Kaka a guje, ba mayafi, ba takalmi, ƙullu har gwiwar hannu. Tun daga cikin gida ta kira sunan. Ta fito ta sake kira, da ƙarfi, yadda ake kiran yaron da ya nufi bakin rijiya. Duk wanda ke lungun ya san abin da ya ji. Ranar ce kaɗai na ji sunan Inna a bakin Kaka.

Ta iso. Ta dubi fuskar matar, kallo ɗaya, hannayenta suka sauka.

"Sake ta."

Na ƙi.

"Na ce sake ta, 'yar nan. Ba ita ba ce."

Da ƙyar aka ɓamɓare yatsuna. Matar, baiwar Allah, duk ta tsorata, ta ce ita daga wani ƙauye take kusa da garin su Kaka. "Rinin garinku ne, Iya, tun daga nesa na gane shi. Tun da na baro gida ban ga irinsa ba, shi ya sa na taɓa." Da aka ba ta labari ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka, har Kaka ce ta koma ba ta haƙuri. Ta shigar da ita, ta soya mata ƙosai, ta tambaye ta mutanen gida, wa ya mutu wa ya rage, ta raka ta har bakin titi. Da ta dawo ta kwanta ta juya wa ɗaki baya. Ni kuwa na koma kan garwa, don ban san wani wurin zuwa ba. Na yi uwa na ɗan lokacin da bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba, kuma har yau na san ƙamshinta, kanumfari ne da man shanu.

Da magariba Kaka ta kira ni, ba ta juyo ba.

"Kin ji abin da na ce ɗazu?"

"Na ji."

"To ki riƙe. Ba zan sake ba."

Na zaci daga nan za ta bari. Ina! Mausim na wucewa ta ɗauki buhu. Haka muka ci gaba, zane yana raguwa, idonta yana raguwa. Tanti na ƙarshe ni na ɗinka, ita tana lalube da yatsu tana cewa matsar da wannan, a'a, kin yi nisa, dawo da shi. Har a lokacin cewa take ba ni da ido. Da muka yanki ƙyallen shekarar, abin da ya rage bai wuce tafin hannu ba, ta ninke shi ta sa a gwangwanin shayi ta ce na baɗi ne. Ba ta kai baɗin ba. A watannin da gari ke yin tsit ta rasu, aka yi mata salla a Harami, kowa yana cewa ta dace. Maƙwabta suka raba tsofaffin tantunan suka toshe yoyon rufi da su. Na ƙarshen yana nan a bango har aka yi wani ruwan sama mai ƙarfi, ambaliya ta gangaro daga dutse ta tafi da shi da bangon gaba ɗaya. Baba ya zo ya tafi da ni Jidda, daga baya aure ya maido ni Makka. Gwangwanin bai taɓa rabuwa da ni ba, kuma ban taɓa buɗe wa kowa shi ba.

Duk wannan ya zo min ina tsaye a ɗakin nan mai sanyi, ashe har na kai hannu ina shafa takalmin yaron. Wani mai gadi ya taho yana cewa mamnu'u, ya Hajja, ba a taɓawa. Jikata kamar ta nutse don kunya. Sai wata tsohuwa gajera mai farin gashi ta ɗaga masa hannu ta matso. Ita ce mai aikin. Na dubi hannayenta, duk tabon allura ne da kanta, irin na Kaka sak. Ta yi magana, jikata, da ke ce min Sitti yadda Larabawa ke kiran kaka, ta fassara, "Sitti, wai ki taɓa, don haka aka yi."

Na ce tambaye ta, wani ya taɓa zuwa ya ce wannan nawa ne?

Matar ta ce ta zaga ƙasashe da kayan nan, an tambaye ta ma'anarsu, an tambaye ta irin mannen da take sawa, amma wannan ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta ce a'a, har yau ba wanda ya zo. Ta ce duk inda aka rataye su takan zauna a gefe tana duban hannun masu shigowa.

Na ce gaya mata kakata an taɓa zuwa mata, marfin batta ne. Jikata ta yi sororo, don ba ta taɓa jin labarin ba, amma ta fassara. Matar ta kama hannuna da nata biyu.

Mansur ɗin da na sani babu ita. Inda bangonmu yake yanzu kwalta ce, motoci ke bi. Alhazai kowa da abin hannu mai lamba da waya a aljihu, in tsohuwa ta ɓace da safe kafin la'asar an maido ta masaukinta, alhamdu lillahi. Mina ana watsewa ake share ta, ba ka samun ko ɗan carbi. Uwaye kuma suna kiran 'ya'yansu na fari da suna tun daga ƙarshen titi, ba wanda ya ce don me.

Da muka dawo na buɗe gwangwanin. Shuɗin yana nan da ƙarfinsa, ratsin fari fes, don bai taɓa ganin rana ba. Na nemo allura na ɗinka shi a jikin farin ƙyalle, na ɗaure a ƙarfen tagata ta waje, a hawa na huɗu, yana kallon titi.

"Sitti, haram, rana za ta cinye shi. Shi ke nan fa, ba wani."

Na ce na sani.

Na san lissafi, ba ruɗewa na yi ba. Na san ko da ta rayu bayan asubar nan, yanzu ƙasa ta daɗe da rufe ta. Amma na baɗi aka ce, baɗin ce ta yi nisa. In na yi la'asar sai in jawo kujera in zauna a bakin taga. Mata suna wucewa a ƙasa, dogaye da gajeru, kowa idonta a kan waya, ba mai ɗaga kai. Gefen ƙyallen ya fara komawa toka. Wani lokaci nakan ce to in wata ta tsaya fa, ta ɗaga kai ta kafa masa ido? Sauka zan yi da gwiwoyin nan nawa in riƙe ta. Wadda ta san fuskar ta tafi, yanzu ba mai ce min in sake ta.